Wa ya ganta a kan bishiya? Lamarin wani ticha a Kumasi da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare

Yadda wurin yake

Mutumin ticha ne, bayoloji yake koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta ta wajen Aboabo a Kumasi, yawancin ɗalibansa yaran zango ne daga Aboabo ɗin da Asawase da Sawaba. Shi ke riƙe da kulob ɗin sayans na makarantar, suna zama ran Laraba bayan an tashi, yara ba su cika ashirin ba in an samu kowa ya zo. Kayan aikinsu maikiroskof ɗaya ne da kwarangwal ɗin mutum na roba da ya rasa hannun hagu tun kafin shi tichan ya fara aiki a wurin, sai tsohuwar laftof ɗinsa da data ɗin da yake saye da kuɗin aljihunsa.

Ƙashin tsohuwar dabba wanda ya koma dutse kuwa babu inda zai same shi a kusa. Duwatsun da Kumasi ke zaune a kai sun haura shekara biliyan 2, tun kafin a yi wata halitta mai ƙashi, don haka ko wane irin rami ka haƙa a nan zinariya ta fi kusa da kai akan haƙori. Nijar ce ke da irin waɗannan ƙasusuwa, can wajen Arlit an tono dabbobin zamanin Famiya, wanda ya gabaci na dainaso, irin su Bunostegos da Moradisaurus, amma su ma ƙattin ƙasa ne masu nauyi, ba masu hawa ba. Kenan duk abinda za a yi sai dai da hotuna da zane-zanen da ke cikin takardun bincike na kyauta a intanet.

Nuwamba 2022: tambayar da ta jawo aikin

Wata ɗaliba 'yar aji biyu ce ta zo da hoto a waya, zanen wata dabba mai kama da ƙadangare mai dogayen yatsu ta rungume reshe tana cin ganye, an rubuta a ƙasa wai ita ce ta fara hawa bishiya a duniya shekara miliyan 260 da suka wuce. Tace "Sa, wa ya ganta tana hawa?" Wani yaro daga baya yace ai zane ne kawai, an zauna an ƙirƙira, in sun ga dama gobe su zana ta tana tuƙa trotro, motar haya. Aka kwashe da dariya.

Tichan yace mata ana ganewa daga farata, mai hawa faratansa a lanƙwashe suke. Tace to shaho fa, ai nashi sun fi na kowa lanƙwasa kuma bata taɓa ganin shaho yana dafa bishiya yana hawa ba. Bai da amsa a ranar, sai yace su ba shi lokaci. Da ma hedimasta ya sa ranar baje kolin ayyukan ɗalibai a watan Yuni na 2023 kuma kulob ɗin basu zaɓi abinda za su nuna ba, shikenan aka mai da wannan tambayar aikin shekarar. Abinda ya sa a gaba shine ya samo ƙa'ida ɗaya wadda yaro da rula da maset zai bi ya raba mai hawa da mai tafiya a ƙasa, ba sai ya ce "masana sun ce" ba.

Ya ɗauki dabbobi shida. Ta cikin hoton sunanta Suminia, an tono ta a Kotelnich da ke bakin kogin Vyatka a Rasha, tsawonta wajen santimita 50 daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya, kuma a gaskiya ba ƙadangare bace, ta fi kusa da layin da dabbobi masu shayarwa suka fito. Sai Ascendonanus daga Chemnitz a Jamus mai shekara miliyan 291, da Anthracodromeus da aka samu a wata tsohuwar mahaƙar kwal a Linton ta jihar Ohayo a Amurka, wanda ya haura shekara miliyan 300. Sai biyu daga arewacin Italiya na zamanin Tirayas, lokacin da dainaso suka fara bayyana, wato Megalancosaurus da Drepanosaurus. Ta shida wata ƙaramar dainaso ce daga tsibirin Wight na Ingila, Hypsilophodon, wadda ya ƙara saboda ya ga wani tsohon zanenta tana tsaye a kan reshe.

Disamba 2022 zuwa Janairu 2023: awon lanƙwasar farce

Duk da abinda yarinyar ta faɗa da faratan ya fara, saboda akwai hanyar awo a rubuce kuma bata buƙatar komai sai kamfas da ma'aunin kusurwa na cikin maset. Ka sa ɗigo a gindin farcen, ɗigo a tsininsa, ɗigo na uku a tsakiyar bayansa inda ya fi gantsarewa, sai ka nemo da'irar da zata bi ta kan ɗigon ukun, ka auna digiri nawa farcen ya ci daga cikin 360. Irin wannan awon ne Alan Feduccia ya yi a 1993 da faratan tsuntsaye, ya raba su masu yawo a ƙasa da masu sauka a reshe da masu hawa jikin bishiya, ya ce Archaeopteryx, tsohuwar tsuntsuwa ta zamanin dainaso, ta faɗa cikin na reshe. Tichan ya buga hotunan faratan dabbobinsa shida manya-manya a takarda ya raba wa yaran.

Matsala ta farko tun ranar ta fito. Farce ɗaya, yara uku, amsa uku, kuma ba kusa da juna ba, saboda kowa inda ya ga dama ya ɗauka a matsayin gindin farcen, wani daga mahaɗar gaɓa, wani daga gaban ɗan tudun da ke ƙasa. Suka tsayar da wuri ɗaya aka sake, bambancin ya ragu amma bai tafi ba, don wasu hotunan ba daga gefe sosai aka ɗauke su ba, wasu ƙasusuwan kuma dutse ya danne su shekara miliyoyi sun baje.

Ta biyun ta fi tsanani kuma daga kicin ta fito. Uwar wani daga cikin yaran tana gyara kaji a kasuwa, sai ta tara masu ƙafafun kaji da na zabi a leda, tichan ya je karɓa da kansa yace "Mma, nawa zan bayar?" tace "haba ticha, ƙafar kaza? Ɗauki kawai, amma in kun gama ku faɗa min me kuka gano a ciki da ban sani ba." Suka auna faratan yadda suke suka rubuta, sannan suka tafasa ƙafafun a gwangwanin madara babba akan kurfoti a bayan aji. Da suka yi laushi yarinyar nan ta kama farcen yatsan tsakiya da ɗan fulaya ta ja, sai ya zare gaba ɗaya kamar an cire wuƙa daga kube, a ciki ga wani ɗan ƙashi fari gajere, bakinsa a dakushe, ga wata 'yar kwari a gefensa inda jijiyar jini ke bi. Ta ajiye su biyun gefe da gefe a kan murfin littafi, na wajen ya fi tsawo ya fi tsini ya fi lanƙwasa, na cikin kamar ba daga yatsa ɗaya suka fito ba. To na wajen nan irin abinda ya yi ƙaho da gashi ne, ruɓewa yake yi, da wuya ƙwarai ya tsira a dutse. Duk faratan da suke ta aunawa a hotuna na cikin ne, alhali alƙaluman tsuntsayen da suke gwadawa da su na wajen ne.

Ta ukun ita ce ta shaho ɗin dai. Lanƙwasasshen farce yana aikin riƙe ɓawon bishiya, yana aikin cafke nama, yana aikin yage gidan gara. Da ya ƙara bincike ya tarar masana ma sun yi wannan rigimar, wani aiki da Aleksandra Birn-Jeffery da abokanta suka fitar a 2012 akan faratan tsuntsaye da ƙadangaru ya nuna rukunonin suna shiga juna sosai, waɗanda ke can ƙarshe-ƙarshe ne kawai ake iya rabawa da ƙarfin gwiwa, kuma girman jiki da dangin dabbar duk suna taɓa awon. Ko babban farcen ƙafar Deinonychus, wani dainaso mai farauta, da 'yan uwansa an yi ta kai da komo, a 2006 wasu suka ce na maƙalewa ne da hawa, a 2011 wasu suka ce na danne abin farauta ne kamar yadda gaggafa ke yi. Ƙarshen Janairu ya ajiye awon farce a matsayin ƙa'ida. Bai jefar da takardun ba.

Fabrairu 2023: babban yatsa

Sai ya koma kan yatsan da ke fuskantar sauran, tunda abinda ke hawa reshe dole ya damƙe shi. Nan suka je kasuwa wajen masu shimfiɗa kayan magani, wani dattijo yana da busassun hawainiya da ƙafar shaho a cikin kayansa, tichan ya gaishe shi yace "Baba, ba saye zamu yi ba, aunawa kawai da ɗaukan hoto in ka yarda." Dattijon ya yarda da sharaɗin kar a karya masa komai. A ƙafar gaba ta hawainiya yatsu uku sun haɗe ta ciki biyu ta waje, a ta baya kuma akasin haka, biyu ta ciki uku ta waje, ga wutsiya a naɗe. Da suka dawo suka duba zanen ƙashin Megalancosaurus sai ga yatsun hannunta sun rabu gida biyu suna fuskantar juna, ƙarshen wutsiyarta da wani ƙugiya na ƙashi. Suminia ma yatsanta na farko ya kauce daga sauran. Hypsilophodon ma a tsohon zanen yatsan ƙafarta na farko ya juya baya ya kama reshe. Uku cikin shida sun faɗo wuri ɗaya, aka fara murna an samu ƙa'ida.

Sati biyu ƙa'idar ta yi. Yana neman zane mai kyau na ƙafar Hypsilophodon don bugawa sai ya ga duk sababbin zanen yatsan gaba yake kallo. Thomas Huxley ne ya sa mata suna a 1869, a 1912 Othenio Abel ya kafa hujja cewa mai hawa bishiya ce saboda yatsan da ya juya, aka yi shekaru sama da hamsin ana zana ta a reshe ana koyar da yara haka, sai a farkon shekarun 1970 Peter Galton ya sake jera ƙasusuwan ƙafar ya nuna yatsan bai juya ba, kuskuren harhaɗawa ne. Kuma sauran jikin duk gudu yake nunawa, ƙashin ƙwauri ya fi na cinya tsawo, wutsiya a sandare take da jijiyoyin da suka koma ƙashi, ba abinda zata naɗe da ita, ga jiki wajen mita 2. Da ya gaya wa yaran sai yaron nan na bayan aji ya miƙe yace "Sa, ba na faɗa ba?" Ranar kam tichan ya sha surutu. Ya amsa masa da cewa wanda ya gyara kuskuren ai ƙasusuwan ya koma ya duba, ba zane ba, amma yaron bai nuna ya gamsu ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan sauƙin gani, ƙadangaren da ke hawa katangar makarantar kullum ba shi da wani yatsa da ya juya, Ascendonanus da Anthracodromeus ma babu. In da yatsan ne ƙa'ida to an fitar da su kenan tun kafin a duba.

Maris zuwa Afrilu 2023: aiki ya tsaya

Azumi ya shigo wajen 23 ga Maris, zaman Laraba ya koma rabin awa, wasu ranakun babu. An ɗan gwada tsawon ƙafafu da na wutsiya, bai je ko'ina ba tunda masu gudu a ƙasa ma dogayen ƙafafu ne da su. Abinda ya fi amfani a wannan lokacin musu ne da yaran suka riƙa kawowa. Ɗaya yace zabin kakansa a arewa a kan bishiya suke kwana kuma ƙafarsu da suka tafasa irin ta kaza ce. Wata tace ta ga bidiyon awakin Maroko a saman bishiya da kofatonsu. Tichan da kansa ya ƙara masu da kada, don a 2014 Vladimir Dinets da abokan aikinsa sun rubuta yadda ake ganin kadoji suna shan rana a kan rassa a Afirka da Ostareliya da Amurka ta Arewa, alhali ba wanda zai kalli ƙashin kada yace ga mai hawa. Tsaka kuma da ke yawo a silin da 'yan gammon ƙarƙashin yatsu take mannewa, wannan fata ce, in ba a cikin daskararren ƙaro aka samu dabbar ba da wuya a ga alamarta.

Daga nan ya canza tambayar a allo. Ya goge "wace ce ke hawa?" ya rubuta "wace ce jikinta ya ginu don zama a bishiya?"

Mayu 2023: gaɓoɓin yatsa

Bayan sallah ya dawo da abinda ya karanto a aikin Jörg Fröbisch da Robert Reisz na 2009 akan Suminia. Su basu tsaya a farce ba, tsawon ƙasusuwan yatsa suka gwada da juna da kuma na tafin hannu, suka jera sakamakon kusa da na dabbobi masu rai da aka san rayuwarsu. Dalilin a fili yake in ka riƙe ƙafar kaza a hannu. Dabbar da ke taka ƙasa tana ture ta don ta yi gaba, gaɓoɓin yatsanta raguwa suke yi daga gindi zuwa baki, ta farko doguwa ta biyu ta fi ta gajarta a haka har farce. Wadda ke damƙa kuwa gaɓar da ke dab da farce ce ke yin tsawo, wani lokacin ma ta fi na bayanta, don yatsan ya zagaye abu ya kai farcen can ɗaya gefen, kuma yatsun gaba ɗaya sun yi tsawo in aka gwada da tafin. Daɗin abin shine rabo kake nema, wannan ƙashi akan wancan, don haka ko hoton an ƙara masa girma ko an rage bai dame ka ba, kuma tsawon ƙashi bai cika lalacewa da dannewar dutse kamar yadda lanƙwasa ke yi ba.

Rula bata iya ƙananan ƙasusuwa, sai mahaifin wata ɗaliba da ke aikin makanikanci a Magazin ta Suame, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, ya ara masu ma'aunin nan na makanikai mai muƙamuƙi biyu da ake auna kaurin ƙarfe, yace a dawo masa da shi kafin Asabar ko wace sati. Da shi suka fara da dabbobin da suka sani kafin su taɓa na dutse. Ƙafafun kaza da zabo suna nan a busashe tun Janairu. Wani yaro ya tsinto mataccen ƙadangare da aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukan kaya, ta take wa kai a bakin kwata, suka sa shi a gwangwani mai huda-huda suka ajiye kusa da ramin tururuwa a bayan banɗaki, cikin 'yan kwanaki aka cinye naman tas, 'yan ƙasusuwan yatsa sirara suna jere yadda suke jijiya busasshiya ta riƙe su, har sai da aka ɗauko gilashin ƙara girma kafin a ga inda wata gaɓa ta ƙare wata ta fara. Na hawainiya da aku da damo hotunan kwarangwal suka samo a intanet.

Wani abu da ya yi a wannan karon wanda bai yi a baya ba, ya yanke hotunan hannaye da ƙafafun kawai ya sa masu lamba ba suna, ya gauraya na masu rai da na dutse, yaro ya auna bai san ta wace dabba yake aunawa ba. Amsoshin yaran suka zo kusa da juna a karon farko. Kaza da zabo da Hypsilophodon suka taru gefe ɗaya, gaɓoɓi suna raguwa. Aku da Suminia da Anthracodromeus da Ascendonanus suka nufi ɗaya gefen, dogayen yatsu sirara.

Shaho shi ma ya bi su can, yarinyar kuwa bata bari ya wuce ba. Nan ne tichan ya gane abinda awon ke faɗa shine dabbar tana damƙa, bai faɗi me take damƙa ba, sai an koma sauran jikin. Haƙoran Suminia manya ne masu zarto-zarto na yankan ganye, akwai aikin 2001 da ya nuna tana tauna ganyen sosai kafin ta haɗiye, to mai cin ganye me zata cafke da dogayen yatsu in ba reshe ba? Ga ƙaramin jiki, ga hannu da ƙafa da suka ci wajen kashi 40 cikin 100 na tsawon gaɓar gaba ɗaya, ga doguwar wutsiya, kuma ba daga ƙwarangwal ɗaya aka faɗa ba, dutse guda ne aka samu da sama da goma sha biyu a ciki, don haka ba za a ce kuskuren harhaɗawa bane irin na Hypsilophodon. Ascendonanus kuwa inda aka same ta ma hujja ne, daji ne guda da tokar aman wuta ta rufe yana tsaye, kututturan suna nan a inda suka tsiro, ita kuma tana cikinsu da manyan lanƙwasassun farata da jikin da bai wuce santimita 40 ba. A nan aka dawo da takardun awon farce na Janairu suka yi amfani, a matsayin ƙari akan sauran.

Sai suka tsara tambayoyin da za a yi wa kowace dabba: yaya gaɓoɓin yatsa suke, yaya farce da tudun jijiyar da ke gindinsa, akwai yatsa ko wutsiya mai kamawa, yaya girman jiki da tsawon gaɓoɓi, me haƙora da wurin da aka same ta ke cewa. Amsa kuma mataki uku, "jikin bishiya ne", "zata iya hawa", "ta ƙasa ce".

Drepanosaurus ce ta ƙi zama ko'ina. Tana da ƙugiyar wutsiya irin ta 'yar uwarta Megalancosaurus, amma yatsanta na biyu ɗauke yake da wani ƙaton farce da ya fi duk sauran ƙasusuwan hannun girma. Ƙwarangwal na farko da Giovanni Pinna ya bayyana a 1980 a baje yake a dutse har an yi ta musun wane ƙashi ne wane, sai a 2016 Adam Pritchard da abokansa suka kawo wasu daga Ghost Ranch a jihar Niyu Meziko masu shekara miliyan 212 da basu baje ba, aka ga ɗaya daga ƙasusuwan damtse na ƙasa ya zama faffaɗa mai siffar jinjirin wata, biyu daga na wuyan hannu kuma sun yi tsawo fiye da kima. Hannu ne na saƙala farce a fizgo da ƙarfi, kamar na dabbobin da ke yage ɓawo da gidan ƙwari. Zai yiwu a kan bishiyar take yin hakan tana riƙe da wutsiya. Amma a 2020 an bayyana wani ɗan dangin, Skybalonyx daga Arizona, da faffaɗan farce irin na masu haƙa rami, kenan dangin ba duka ne a sama ba. Yaran suka rabu biyu, tichan ya ƙi raba masu gardama.

Yuni 2023: ranar baje koli

Kwali biyu suka manna a bango, a tebur ga ƙashin farcen kaza kusa da kubensa a cikin murfin kwalba, ga ƙafar ƙadangaren a manne da gam akan baƙin kati, ga ma'aunin Magazin don duk mai so ya gwada da kansa. Suminia da Megalancosaurus da Ascendonanus an sa su "jikin bishiya ne". Anthracodromeus "zata iya hawa", wanda ya yi daidai da abinda Arjan Mann da abokansa suka rubuta a 2021, saboda dogayen yatsu da farata masu ƙugiya suna nan amma babu yatsa mai juyawa ko wutsiya mai kamawa, kuma irin wannan hannun yana aiki a kan kututture da saiwa da duwatsu ma. Hypsilophodon "ta ƙasa ce", suka manna tsohon zanen na reshe a gefe da shekarun 1912 da 1971 a ƙasa. Drepanosaurus aka ba ta layi biyu da sunayen rukunin yaran da ke kowane ɓangare.

Yarinyar da ta kawo tambayar ita ta tsaya tana bayani. Mma mai kaji ta zo, ta ɗaga murfin kwalbar ta duba tace ai wannan kullum tana cire shi in ta zuba ruwan zafi, bata dai taɓa tunanin wani zai auna ba. Wani uba da ya daɗe gaban zanen Hypsilophodon ya kaɗa kai yace kama da wane ba ta wane. Yaron bayan aji har ranar yana kan bakansa cewa launin da ke jikin zanen da irin ganyen da aka sa mata a baki duk ƙirƙira ce, kuma a kan launin kam ba wanda ya musa masa.

Abinda nake gani

Ƙa'ida ɗaya da ya fita nema tun Nuwamba bai same ta ba, kuma a ganina tun farko an gina aikin akan abinda babu. Wata biyu da aka kashe a awon farce za a iya rage su zuwa sati ɗaya da an fara da tafasa ƙafar kaza kafin a buga hoto ko ɗaya, don yarinyar ta riga ta nuna ramin da ke cikin hanyar tun ranar farko da maganar shaho. Babban yatsa kuma ya faɗi ne saboda an ɗauki zanen da mai zane ya yi wa nama da fata an ɗora hukunci a kai, ba hoton ƙashin ba.

Abinda ya sa na Mayu ya tsaya abu uku ne a wurina, kuma awon gaɓoɓin shine mafi ƙanƙanta a cikinsu. Na farko an gwada hanyar akan dabbobin da kowa a ajin ya san inda suke kwana kafin a kai ta kan waɗanda ba wanda ya gani. Na biyu ɓoye sunayen da ya yi, don yaro in ya san Suminia ce a hannunsa kuma ya ga zanenta a reshe to ma'aunin da kansa zai ɗan karkata. Sannan canza tambayar da aka yi a azumi, wadda ta fitar da zabo da akuya da kada daga lissafi, tunda ƙashi ba zai iya gaya maka dabba bata taɓa hawa ba.

Inda ban yarda da teburin nasu ba shine Ascendonanus. Sun ba ta mataki ɗaya da Suminia, alhali wani kaso mai yawa na hujjarta daga dajin da aka same ta ne, kuma tokar da ta rufe dajin ta rufe na ƙasa da na sama ne tare. Ni da "zata iya hawa" zan bar ta kusa da Anthracodromeus, duk da waɗanda suka bayyana ta a 2018 sun ce mai zaman bishiya ce. Na faɗa wa tichan haka, yace shi faratan da siraran yatsun sun ishe shi, kuma kwalin an riga an manna.